Igiyar taubashina

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Mamman ne daga Malbaza.

Bara ni da taubashina Iliya muka sayo ƙananan motoci kat-kat, masu ja da ƙafa huɗu, a Konni. Ni na zaɓi mai tsada, kujerun fata, cikinta sanyi kamar buro, wato ofis. Shi ya ɗauki mai araha, kujeru duk a yage, sai dai tana da tsayi daga ƙasa. Na yi masa dariya har na gaji.

Da damina muka tafi ɗaurin aure wani ƙauye bayan Illela. A tsakiyar ƙorama tawa ta kafe cikin laka har ƙofa. Tasa ta haye, ya dawo ya jawo ni da igiya gaban 'yan biki duka. Tun ran nan ko innata in za ta ƙauye motarsa take shiga, wai ta fi son mai isa.

Wallahi in na ga motar nan tasa raina ɓaci yake. Jiya kuma ya aiko mini da igiyar, wai tsaraba. Ga shi taubashi ne, ba damar fushi.

Jama'a, in sayar da tawa, ko in ɗaga gilashi in sha sanyina?