Abin da Ke Ƙarƙashin Tumatirina

Kamarad shugaban komitin unguwa, Kawu Souley. Kamarad mushe, wato malamin lakwal, makarantarmu. Kamarad Liman, a gafarce ni, haka aka ce in kira kowa. Iyaye mata, 'yan kasuwa, da dukan jama'ar Zongo, assalamu alaikum.

Sunana Sahadatou. Ban saba magana a gaban mutane ba.

Ina godiya ga komite da ya zaɓi lambuna na bayan gidanmu a matsayin wanda ya fi kowane lambun ɗalibi albarka a bana. Jawabin da mushe ya gyara mini ya ce ƙwazo ne da kishin juyin juya hali suka sa tumatirina ya yi kore a tsakiyar rani. Na bar wannan jawabi a gida, domin da sauran magana.

Na farko, kun san wata uku ke nan famfon gidanmu yana tsiyaya kamar mai jin kunya, alhali agogon ruwa, wato mita, yana gudu. A taron da ya wuce, a nan wurin, aka ce Inna Raïmatou mai koko ta gidanmu ce ke ɓarnar ruwan al'umma. Aka karɓe mabuɗin famfo daga hannunta. Tun ranar, da shekarunta da ciwon gwiwarta, rijiyar wani gida take zuwa ɗiba.

Na biyu, lokacin jarrabawa na yi mako biyu ban ba lambuna ko kofi ɗaya na ruwa ba. Na je in yi masa ta'aziyya, sai na tarar ya ƙara tsawo. Wannan ya dame ni. Ranar Juma'a da azahar na ɗaure famfo tamau, na tsuguna gaban agogon ruwa. Ba mai wanka, ba mai wanki, Inna Raïmatou tana kasuwa, amma allurar tana ta juyawa.

Na kira Malam Idi mai gyaran famfo. Ya ce yashin garin nan namu na Kwatano mugun mai rufa asiri ne, yakan shanye ruwa ba ya nuna danshi a sama. Ya kafa dogon ƙarfe a ƙasa, ya ɗora kunne a kansa, yana bin hanyar bututu taku-taku. Sau biyu ya sa aka fitar da akuyar maƙwabta, wai tuƙarta tana hana shi ji. Da ya kai tsakiyar lambuna sai ya tsaya, ya daɗe, ya dube ni.

Ya ce, "'Yata, gaskiya kike so ko tumatir?"

Na ce, "Baba, ba a samun duka biyu?"

Ya ce, "Ba a wannan gidan ba."

Ya tona kaɗan, ga bututu da sara a jikinsa, ruwa yana fita abinsa. Ya ce saran fartanya ne. Jama'a, mutum ɗaya ne ya taɓa yin noma a gidan nan, kuma ga ta a gabanku.

Na uku, gyara. Gobe da safe za a rufe ruwa daga bakin titi, a tone lambun duka, a yanke inda ya fashe, a haɗa sabon guntu, a gwada kafin a binne. Duk mai son tumatir ya zo da kwano kafin Malam Idi ya zo da shebur.

Saboda haka, kamarad Kawu, ba zan iya karɓar kyautar nan ba. Roƙona shi ne, yadda aka kira sunan Inna Raïmatou a gaban jama'a, a wanke shi a gaban jama'a, a mayar mata da mabuɗinta yau, ba gobe ba. Inna, kin yi wata guda kina ɗaukar bokiti saboda ni, kina wucewa kina yaba tumatirina. Ki yafe mini.

Allah ya ba Inna lafiyar gwiwa, ya ba Malam Idi kaifin kunne, ya zaunar da Zongo lafiya, ya sa ruwanmu ya riƙa fita ta inda aka yi masa baki.

Na gode.