An Buɗe Akwatin Littattafaina

Gaisuwa gare ka mai gabatarwa, da dukan masu sauraro. Ina sanar da jama'ar Gure, Kelle har Gidigir cewa an buɗe akwatin littattafaina ba da izinina ba, kuma mai laifin tana cin tuwo a gidana.

Mu Kirista ne. Ni mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, littattafaina kuwa a leda suke cikin akwatin ƙarfe da kwaɗo, saboda gara da hannun yara. A addu'ar iyali ni kaɗai ke karanta Maganar Allah, yara suna gyangyaɗi. Har a majami'a na yi kukan cewa 'ya'yan yanzu ba sa son karatu.

Ran Asabar na tarar da 'yata Rahila tana karanta wa kakarta littafin labaran annabawa mai hotuna, bangonsa ya yage, ga tabon miyar kuka. Uwarta ce ta ba ta makulli.

Na ce, “Maman Rahila, daga Damagaram fa na sawo shi.”

Ta ce, “Mushe, tun da ka sawo shi, gara kaɗai ta leƙa ciki.”

Yanzu yarinyar ta gama shi, ta hana ni sakat. “Baba, kifin da ya haɗiye annabin ya kai raƙumi?” Sauran littattafaina sun fi ƙarfinta, ina tsoron ta koma kallon wayar uwarta. Jama'a, ina ake samun littattafan yara da Hausa a kusa?

Maman Rahila, na san rediyonki a kunne yake. Ke ce da gaskiya, ni na yi kuskure.