Lalle a Wuyan Hannun Gwaggo Wadaha

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da iyalan gidansa, da sahabbansa.

Mai girma jagoran wannan tawaga ta neman sulhu, Shaihi Abu Mijhim, dattawan da suka rako shi tun daga Madaba, limaminmu Shaihi Auda, mai unguwarmu, baffana Abu Fandi, babban wannan gida, 'yan uwana da maƙwabtana da suka cika wannan zaure har bakin titi, iyayenmu mata da na san suna saurare ta bayan ƙofa: assalamu alaikum wa rahamatullah.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Miflihu ɗan Salama, direban babbar mota a hanyar Akaba. Ban saba tsayawa gaban manya ba, na fi sabawa da yi wa raƙuma oda a kan kwalta. In harshena ya yi kaushi, ku yi mini uzuri.

Na gode da kuka tako. Na gode da kuka bar ayyukanku, kuka sa fararen rigunanku, kuka cika mana zaure da kwarjini. An zuba muku gahawa, kun ajiye kofunan a ƙasa, kun ce ba za ku kai baki ba sai na biya muku buƙata. Buƙatar kuwa Shaihi Abu Mijhim ya faɗe ta da kyakkyawan lafazi: in janye ƙarar da na kai wa 'yan sanda a kan gidan kula da tsofaffi na Abu Ramiz, inda gwaggona Wadaha ta zauna. Na san nauyin kofin da aka ajiye. Na san ba a taɓa barin gahawar baƙo ta huce a zauren kakana ba. Saboda haka ku ba ni dama in yi magana kafin in ba da amsa.

Magana ta farko, wace ce Wadaha. Kun zo neman alfarma a kan mace, amma tun da aka zauna ba wanda ya ambaci sunanta, sai dai a ce "tsohuwar". Ƙanwar mahaifina ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, uwata kuma ta rasu ina goye, sai ta ɗauke ni. Akwai masu furfura a nan da suka ci gurasar hannunta suna yara, akwai waɗanda ita ta dama cukun da aka yi mansaf ɗin aurensu, shinkafa da naman nan na taro. Da ƙugunta ya karye, hankalinta kuma ya fara tafiya, har ta kai tana fita titi neman awakin da aka sayar tun ina ɗan makaranta, ni na kai ta gidan nan. Ni, da motata, da rana tsaka. Ina hanya kwana da kwanaki, matata Intisar tana koyarwa, ba mai tsaronta. Na zagaya dangi gida gida, kowa ya ce ɗakinsa ya yi kaɗan. Ban ji kunyar kai ta ba a ranar, yau ma ban ji ba.

Magana ta biyu, abin da na gani. Gidan ba ya karɓar masu ziyara sai ranar Juma'a bayan an sauko. Muna zuwa da kunafa, kayan zaƙin nan, mu same ta a kujera, an sa mata riga mai tsabta, an fesa mata turare. Wata Juma'a muka tarar an yi mata lalle. Na yi murna, har na bi ma'aikata ina sa musu albarka. Da muka shiga mota Intisar ta ce, "Miflihu, ka ga hannunta kuwa?"

Na ce, "Na gani mana, sun yi mata kwalliya."

Ta ce, "Kai dai in ba tayar mota ba ce, ba ka ganin komai. Wace mace ce ke sa lalle a wuyan hannu kamar awarwaro, ta bar tafinta fari fat? Kuma Gwaggo da ta rantse ta bar lalle tun ranar da aka binne mijinta?"

Iyayenmu mata da ke bayan ƙofa sun san gaskiya ta faɗa. Ban jira Juma'a ba, na koma ranar Talata. Mai gadi ya kira ni da laƙabina ya ce, "Haba Abu Rakan, yau ba ranar baƙi ba ce." Na ce, "To madalla, ni ba baƙo ba ne, ɗanta ne. Buɗe ko in buɗe." Na fito da ita na kai ta asibiti. Lallen ya fara koɗewa, a ƙarƙashinsa fata ta sale, ta zagaye wuyan hannu, dama da hagu. Likita ya ce ya yi kama da sawun ɗauri, amma bincike ne zai tabbatar. Da na tambayi Abu Ramiz sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗan'uwa, fatar tsufa ce, ko iska ta taɓa ta sai ta yi shuɗi." Na ce, "Wace irin iska ce wannan mai aiki da ma'auni, ta zagaye hannu biyu daidai wa daida, sannan ta koma ta kwaɓa lalle?"

Ku shaida, ban ce na ga hannun da ya ɗaure ta ba. Ban gani ba, kuma ba zan rantse a kan abin da ban gani ba. Zargi nake yi, zargin kuwa na kai shi inda ake auna zargi. In Abu Ramiz mai gaskiya ne, bincike zai wanke shi fes, ni kuma in tara tawaga irin wannan in je ƙofarsa in ajiye nawa kofin. Amma a waccan Juma'ar ba Gwaggo kaɗai na gani da lalle a wuyan hannu ba. Na ga wasu tsofaffin mata a jere a baranda, su kuwa ba su da wata Intisar da za ta duba.

Magana ta uku, da kai nake, Baffa, kuma da ladabi nake yi. Ka kira ni gefe jiya ka ce, "Ɗana, rufa mana asiri. In aka shiga kotu, gari duka zai ji cewa mun kai 'yar uwarmu gidan tsofaffi." Tun bara ake gaya wa mutane wai tana Amman wajen likita. Baffa, Abu Ramiz ya san da wannan ƙarya tamu, ya san da irinta a kowane gida da ya kai masa tsoho. Ya san mai zuwa a ɓoye ba zai yi ihu ba, kome ya gani. Kunyarmu ita ce katangarsa, ta fi ta siminti tsawo. To ga gari nan a zaune, bari in sauƙaƙa wa masu gulma aiki: Wadaha ba ta je Amman ba, a gidan tsofaffi take, mu muka kai ta. An ji. Yanzu me ya rage da za a tsorata ni da shi?

Sai tayin da kuka kawo. An ce za a ba ta ɗaki mai taga, za a yanka tumaki a yi mansaf na sulhu, za a kori ma'aikaciya ɗaya, baƙuwa daga wata ƙasa. Na lura an zaɓi wadda ba ta da dangin da za su cika motoci su zo neman mata alfarma. In ita ta ɗaura, wa ya ba ta tsumman ɗaurin? Wa ya sayo lallen? Wa ya sa doka cewa ba a shiga sai Juma'a? Ba zan ci nama a kan waɗannan tambayoyi ba. Sulhu kuma, ya Shaihi, kai ka fi ni sani, mai haƙƙi ne ke yafewa. Ni ba a taɓa fatata ba. Haƙƙin na Wadaha ne, ita kuma yau ko sunana ba ta riƙe ba, da sunan mahaifina take kirana. Ta yaya zan yi kyauta da abin da ba nawa ba?

An ce in na mayar da ku haka, na zubar da mutuncin zauren nan, kuma wasu daga cikin dangina ba za su ƙara taka ƙofata ba. Na ji, kuma ya yi mini ciwo, don ina son dangina. Na kwana ina juya maganar, har na wayi gari ban tsayar da amsa ba.

Gwaggo tana cikin gidan nan, a ɗakin da ke bayan wannan bango. Ɗazu da ta ji ƙarar motocinku, ta ji ƙamshin gahawa, sai ta fara ƙoƙarin tashi, don ita ba ta san a yi baƙi tana zaune ba. Intisar ta shiga da mayafi za ta yafa mata. Da Gwaggo ta ga mace ta nufo ta da ƙyalle a hannu, sai ta koma ta kwanta. Ta haɗa hannuwanta biyu, ta miƙa su, ba wanda ya ce ta miƙa. Ta ce, "Kar ki matse yau, 'yata. Zan yi shiru. Muna da baƙi."

Ina tsaye a bakin ƙofa na ji wannan da kunnena.

Saboda haka, ya Shaihi Abu Mijhim, ya dattawa masu daraja, girmanku yana bisa kaina, gidana gidanku ne, ku nemi motata, ku nemi gonar mahaifina, ku tashi da su yau. Amma ƙarar nan tana nan inda na kai ta, ba zan janye ba. Kuma gobe da safe zan koma in ba da sunayen matan da na gani a baranda.

Allah ya mayar da ku gidajenku lafiya. Allah ya ja kwanan dattawanmu cikin mutunci, ya sa tsufanmu ya faɗa hannun masu tausayi. Allah ya bayyana gaskiya ko a kan wa ta faɗa, ko da a kaina ne. Allah ya ba Wadaha barcin da babu tsoro a cikinsa.

Na gode.