Jijiyar da Ba Ta Jini Ba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni mai kitso ce daga Dutse Uku.

Bara gilashin taga ya yanke ni a wuyan hannu. Ciwon ya warke, amma yatsuna uku suka mutu, ko gashi na kama ba na ji. Likita ya ce jijiya ce ta yanke, ya ɗinke ta. Da na faɗa a gida, yayata ta ce ai jijiya hanyar jini ce, mataccen jini ne ya taru, ta kira wanzami ya yi mini ƙaho. Sai da na koma asibiti aka fahimtar da ni cewa wannan jijiyar ta ji ce, ba ta jini ba, kuma a hankali take tsirowa kamar gashi.

Yanzu maƙwabciyata ta kawo mini wani gari a leda, wai sitem sel ne, in dama in sha. Da na nuna wa likita, ya ce sitem sel na gaskiya ƙwayoyin halittar jiki ne masu rai da ake fatan su taimaki jijiya ta sake tsirowa, kuma har yanzu bincike ake yi. Ya ce, "Hajiya, wannan garin ba shi ba ne."

Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya ba ni shawara, yaya ake haƙurin jira?

Shekaranjiya dai tsinken kitso ya soke ni a yatsa, na yi ƙara. Sai na zauna ina hamdala, domin rabon yatsan nan da jin zafi tun bara.