Silon Motar Cornelius

Kubra: Salamu alaikum. Wa ke magana?

Veronica: Hajiya, ina wuni? Ni ce, Maman Linda.

Kubra: Wa? Dakata in kashe injin nan, ba na jin komai. To, faɗi.

Veronica: Veronica ce, matar Cornelius makaniki, daga Kura.

Kubra: Maman Linda. Lafiya lau. Ya gida? Ya yara?

Veronica: Lafiya.

Kubra: Ya zafi?

Veronica: Da godiya. Ya ban-ruwa?

Kubra: Ga mu bakin kanal tun hantsi, albasa na shan ruwa, mu muna shan rana. Ya mutumina? Har yanzu yana gaya wa mutane wai ni ba makaniki ba ce, mai facin injin ban-ruwa ce?

Veronica: Ya daina faɗa.

Kubra: Ya yi hankali ke nan.

Veronica: Hajiya, tambaya gare ni. Mota in an tayar ta kama, amma da an ɗaga ƙafa daga totur sai ta yi ta rawa, can ta mutu, me ke kawo shi?

Kubra: Silo ne ya lalace, wato zaman inji in ba a taka totur ba. Wace motar?

Veronica: Jar nan mai ƙofa biyu.

Kubra: Wadda Baturen aikin kanal ya bar masa? Shekara talatin ko ƙurarta bai yarda wani ya goge ba. Wa ya tayar?

Veronica: Ni.

Kubra: Shi yana ina?

Veronica: Yana ɗaki. Yau kwana goma sha tara da ya faɗi a gareji. Ɓarin jikinsa ya shanye. Ba ya magana.

Kubra: Kwana sha tara, ina nan Bunkure, ba wanda ya aiko min?

Veronica: Ban tuna kowa ba.

Kubra: Allah ya ba shi lafiya. Likita fa?

Veronica: Sati biyu muka yi a asibiti, aka ce mu dawo gida mu riƙa juya shi. Na tambaya ko yana ji, likitan ya ce shi ma bai sani ba. Ido a buɗe. In na ba shi kunu ya haɗiye. Fasto ya zo ya yi addu'a, Linda ta yi ta kiran sunansa, bai ko waiga ba. Gobe ƙannensa za su zo daga Pankshin su tafi da shi. Sun ce ba kowa a cikin jikin nan, gara ya ƙarasa a ƙasarsu.

Kubra: Ke me kika ce?

Veronica: Na wanke masa kaya.

Kubra: To me ya kai ki mota?

Veronica: Kullum yana cewa in ba a tayar da ita ba batir zai mutu. Tana rumfa, jikin tagarsa. Da ta fara rawar nan ɗazu, sai na ji kwano ya faɗi a ɗaki. Kwanon kunun, na ajiye shi gefen hannunsa mai lafiya.

Kubra: Ba kyanwa ba ce?

Veronica: Ba mu da kyanwa. Ko da na shiga, yana kwance yadda na bar shi. Ban ga komai da idona ba. In na ce wa ƙannensa kwano ya faɗi, ba za su ko amsa min ba. Shi ne na ce, in ta dawo da muryarta ta da, wataƙila ya gane ta, in samu abin nuna musu.

Kubra: Buɗe bonet. Ɗaure ɗankwalinki tam, kada fanka ta ja. Sa giya a firi, ki tayar, ki kawo wayar kusa da inji.

Veronica: Ga shi. Kina ji?

Kubra: Na ji. Iska take sha. Haka injina ke yi in tiyo ya huje, gurnani ba iyaka, ruwa ba ya hawa. Kewaye da kafireto akwai 'yan siraran tiyo baƙaƙe, ba su kai kaurin ɗan yatsa ba. Bi su da kunne, za ki ji wani wuri yana huci.

Veronica: Ga ɗaya an ci shi. Ga wani ma. Uku.

Kubra: Me kuka ajiye a rumfar?

Veronica: Buhunan shinkafa.

Kubra: Ɓeraye. Sun ci shinkafa sun wanke baki da roba. Kashe ta.

Veronica: Ta mutu da kanta. Akwai tiyon abin feshi a nan, in yanko?

Kubra: Zafi zai narkar da shi. Duba but, a bayan motar. Mutumin da ke ɓoye fulogi a gwangwanin madara ba zai rasa tiyo ba. Halo? Maman Linda?

Veronica: Ina ji, layin ne. Na samu naɗi guda a leda. Ya manna takarda, ya rubuta "bayan girbi".

Kubra: To girbi ya zo.

Veronica: In cire su duka in sa sababbi?

Kubra: Kul. In kika zare su gaba ɗaya, mutum ɗaya ne a jihar Kano ya san inda kowanne zai koma, shi kuma ba ya magana. Ɗaya bayan ɗaya. Zare, gwada tsawo da sabon, yanke da wuƙa, shafa yawu a bakin, tura har ya zauna. Ba wanda ya koya min, sai da na kashe injin marigayi maigidana sau biyu.

Veronica: Na farko ya shiga. Na biyun ya ƙi fita.

Kubra: Murɗa shi, kada ki fizga. In ya ƙi, tsaga bakin.

Veronica: Ya fito. Hajiya, katina ya kusa ƙarewa.

Kubra: To rage magana, ƙara hannu.

Veronica: Saura ɗaya. Shi ke nan.

Kubra: Tayar, kada ki taɓa totur. Yauwa. Kin ji? Kamar mage a cinyar mai ita. Shiga ki duba shi.

Veronica: To.

Kubra: Ya ya?

Veronica: Ba komai. Yana kallon rufi.

Kubra: Ki ɗan jira.

Veronica: Na jira. Ƙila santsi kwanon ya yi. Na gode, Hajiya, Allah ya saka. Bari in ƙarasa haɗa masa jaka.

Kubra: Tsaya. Ni ce na yi wauta, ba ke ba. Yaushe kika taɓa ganin Cornelius ya waiwayi injin da ke lafiya? Shekara ashirin yana wuce gonata, bai taɓa tsayawa gaisuwa ba sai ran da injina ke tari. Ran nan kam har cikin taɓo zai shigo ya zage ni.

Veronica: Ran bikin Linda ma barin mutane ya yi a coci, wai janareto ba ya tafiya daidai.

Kubra: To kin gani. Mayar da kwanon wurin hannunsa, ki buɗe taga. Ki fita ki zare tiyo ɗaya. Idonki a kansa, ba a kan mota ba.

Veronica: In lalata abin da muka gyara?

Kubra: Motar za a kai Pankshin gobe, ko shi?

Veronica: Na zare. Ta fara rawa.

Kubra: Ina jin ta. Kada ki mayar.

Veronica: Ba komai. Ba ko... Hajiya, yatsunsa.

Kubra: Ƙarar mene ne wannan?

Veronica: Kwanon. Ya juyo da ido wajen taga. Ya haɗe gira. Hararata yake yi.

Kubra: Alhamdu lillahi. Bar shi ya harara. Gobe in ƙannen nan sun zo, ki tara su a ɗakin, ki sa kwano, ki zare tiyon, kada ki ce musu uffan. Ni ma da sassafe ina nan tafe. Ki gaya masa mai facin injin ban-ruwa ce ta...

Veronica: Hajiya? Halo? Katin ya ƙare. Na gan ka, Baban Linda. Zan mayar. Amma ba yanzu ba.