Lofen Baba da Hannun Yaya Bitrus

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tashe mu lafiya ya tara mu a ɗakinsa. Fasto, dattawa, iyaye mata, 'yan waƙa, barkanku da sujada.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Rifkatu matar Ishaya, ina koyarwa a firamaren nan ta Sabon Gari. Na tsaya ne in ba da shaidar yadda Ubangiji ya fitar da ni daga jarabar gwanjo. Na ga wasu har sun fara murmushi. Ba gwanjon riga ko takalmi ba ne, 'yan'uwa. Lofe nake bi. E, lofe, tukunyar taba! Ni da ban taɓa sa taba a bakina ba.

Babanmu mutumin wani ƙauye ne can bayan Darki, kuma sai da ya tsufa ya karɓi Yesu. Yana da lofe mai baƙin kai na yumɓu da dogon kara da aka naɗe da jar fata. Ni ce auta, ni ce mai ɗebo masa garwashi daga murhu. In na kawo, ya ɗora ni a cinya, ya ja hayaƙi, ya riƙa ba ni labari har in yi barci. Akwai inda karan ya taɓa tsagewa, Inna ta ɗaure wurin da shuɗin zare.

Ranar da aka yi wa Baba baftisma, babban wanmu, Yaya Bitrus, wanda kuka sani dattijo ne a wannan ikilisiya, ya ɗauke lofen ya sayar wa masu yawo ƙauye-ƙauye suna sayen tsofaffin kaya. Ba a jima ba Baba ya rasu. Ba mu da hotonsa ko ɗaya, ɗakinsa ma damina ta kayar. Babu abin da ya rage mini na ubana da zan riƙe a hannu.

Shekaru suka wuce. Wata rana a ofishin malamai wata abokiyar aikina ta nuna mini wani shafi a waya, inda wani ɗan kasuwa a Abuja ke gwanjon kayan da. Tsofaffin takubba, akushi, tasoshin tagulla, sai ga lofe iri-iri. Na ce a raina, idan nan kayan ƙauye suke ƙarewa, to na Baba ma zai biyo ta nan. Kafin ya zo kuwa, duk wanda na ga ya yi kama da shi sai in ji ina so.

Kun san mu mutanen Wudil da ciniki. Da kasuwar Juma'a na saba, inda za ki taya da wulaƙanci, mai kaya ya ce albarka, ki juya kamar za ki tafi, ya ƙwala miki kira. Haka na yi a farko. Na taya ƙasa-ƙasa, na ajiye waya, na zauna ina jiran a kira ni. Jama'a, ba wanda ya kira ni! Na dawo na tarar an sallama wa wani tun tuni.

Sai na canza salo. Na riƙa zuba tayi mai nauyi tun da wuri don in tsorata mutane. Ashe hakan kiran su nake yi, su ce lallai akwai wani abu a jikin kayan nan, su yi ca. Daga baya na gane manyan 'yan gwanjo shiru suke yi. Su laɓe, sai lokaci ya kusa cika su jefa nasu, kafin ki farga an rufe. Ni ma na koyi laɓewa. Amma sabis ɗin unguwarmu kun san halinsa. Ranar Asabar da la'asar ake rufe gwanjon, sai ku gan ni bakin gada da waya a sama kamar mai roƙon ruwa, masu kifi suna kallona.

Duk da haka kayar da ni ake yi. In an kayar da ni kuma gidana ne ke shan wahala. In ce ai jabu ne ma, Allah ne ya tsare ni, amma miya ta ƙone, yara su laɓe a ɗaki. Ishaya ya ce, "Maman Dauda, wai me aka yi miki?" In ce, "Ka tambayi ubanka." Bawan Allah ya ɗauki tabarmarsa ya fita waje. Kuɗina yana dawo mini duk sanda na faɗi, amma hankalina ba ya dawowa.

Sai ga shi rannan. Ina buɗe shafin na gan shi. Baƙin kai, jar fata ta koɗe, ga shuɗin zaren Inna yana nan inda ta ɗaure! Na ƙwala ihu har maƙwabciyata ta shigo a guje ta ɗauka kunama ce. Na rungume waya ina cewa Baba, Baba.

A makon nan kuwa ni ce da kwasar adashi. Na ce to, Allah ne ya haɗa.

Yanzu ku saurari wautar da na yi. Kun san al'adarmu a taron addu'ar mata ranar Laraba, ba a kawo roƙo a dunƙule. Sai ki warware komai, don masu taya ki addu'a su san abin da za su gaya wa Ubangiji. Na tashi na faɗa. Matar Yaya Bitrus, Anti Saratu, ita ke jagora ran nan, kuma ita ce uwar adashinmu. Ta ce, "Rifkatu, buɗe cikinki, nan gidan Ubanki ne. A wane shafi ne? Yaushe za a rufe? Har ina ƙarfinki ya kai?"

Na ce, "Anti, kwasar adashina duka zan zuba. Bayan ita ba ni da ko sisi."

Abin da ɗan gwanjo ba ya gaya wa ko matarsa, wato iyakar tayinsa, ni na tsaya na shelanta a gaban matar da kuɗin ke hannunta. Aka ɗora mini hannu, aka yi addu'a mai zafi. Amin ɗin Anti Saratu ta fi ta kowa ƙarfi.

Asabar ta zo, ina bakin gada. Na laɓe yadda na koya. Lokaci ya kusa cika na jefa duka. Sunana ya hau sama! Na fara rawa a tsaye. Sai kawai wani baƙon suna da ban taɓa gani ba ya haye kaina, da ɗan abin da bai kai kuɗin katin waya ba, aka rufe. Na zauna daɓas a ƙasa. Wani mai acaɓa ne ya san ni, ya kai ni gida ina kuka kamar an yi mini mutuwa. Ai kuwa an yi, Baba ya sake mutuwa a hannuna.

Bayan wasu makonni Yaya Bitrus ya aiko in zo. Na tarar da shi a tsakar gida kan kujera, ga kwali a gabansa. Ya ce, "Auta, buɗe." Na buɗe. Lofen Baba!

'Yan'uwa, na zube kan gwiwoyina. Na kama ƙafarsa ina cewa, "Yaya, ashe kai ne! Allah ya saka maka, Allah ya ja kwana. Ka yafe mini zargin da na daɗe ina yi maka." Na ɗauka saya mini ya yi. Ya bar ni na gama godiyata tsaf, har na shinshina bakin lofen, warin tabar yana nan.

Sai ya ce, "Kin gama? Kawo." Ya juya ya ce, "Saratu, miƙo turmi."

Ya jefa lofen ciki, ya karɓi taɓarya. Ina roƙo, ina jan rigarsa, ina cewa Yaya ko zaren ka bar mini. Ya daka shi sai da ya zama gari, ya karya karan ya cusa a murhu. Yana haki ya ce, "Na fitar da kayan arna daga gidanmu sau ɗaya, kin je za ki dawo da shi. Gobe kya gode mini." Anti Saratu ta tafa hannu ta ce Halleluya. Ta share garin ta watsa wa kaji a bayan gida.

Daga ran nan kuka daina ganina a sujada. Wasu sun ce zazzaɓi ne. Ba zazzaɓi ba ne, ƙiyayya ce, kuma na yi kiwonta da kyau. Ban daina addu'a ba fa. Kullum da safe in durƙusa in ce, Ubangiji, hannun nan da ya ɗaga taɓarya, ka busar da shi. Na koma shafin gwanjo kamar mahaukaciya, ina taya abin da ban ma so, don kawai in hana wani samu. Na rame, idanuna suka faɗa.

Da kaka sai labari ya zo cewa Yaya ya faɗi a shagonsa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. A gaban bagade nake, ba zan yi muku ƙarya ba. Dariya na yi. Ran nan na ci tuwo har da ƙari.

Da aka sallamo shi daga asibiti a Kano, Anti Saratu ta zo gidana da kanta. 'Ya'yansu duk suna nesa, ita kuma dole ta zauna shago. Ta durƙusa ta ce, "Rifkatu, ki dubi Allah, ki riƙa zuwa da safe kafin makaranta." Na bar ta a durƙushe sai da na gama tankaɗe garina. Sannan na ce zan zo. Ba tausayi ne ya kai ni ba, so nake in ga aikin addu'ata da idona.

Na same shi kwance, yawu na zuba. Na ce, "Yaya, ina kwana? Ina taɓarya?" Ya kalle ni da ido ɗaya. Na ɗebo ruwan ɗumi a ƙwarya, na ɗaga hannun daman nan da ya zama kamar tsumma, na naɗe hannun rigarsa zan wanke. Sai na ga tabo a cikin damtsensa, zagayayye, daidai faɗin bakin lofe. Ba ɗaya ba ne. Suna nan a jere har kusa da kafaɗa.

Nan take abin ya dawo mini. Ina ƙarama, awaki sun shiga gonar maƙwabci a hannun Yaya. Baba ya ɗaure shi a jikin rumbu, ya ce, "Auta, kawo wuta." Na kawo da gudu ina murna an aike ni. Baba ya cika lofe ya ja har kan ya yi ja, ya kife shi a damtsen Yaya. Na tuna ihun. Na tuna bayan an gama Baba ya ɗora ni a cinya ya ci gaba da labari. Tun tasowata ban taɓa ganin Yaya Bitrus da riga mai gajeren hannu ba, ban kuma taɓa tambayar dalili ba.

Ƙwaryar ta suɓuce daga hannuna. Na faɗi a gefen gadon na ce, "Yesu, ka ji tausayina! Abin da nake bi da kuɗina da hawayena, da shi aka gasa ɗan'uwana, ni ce kuma mai kawo wutar. Ka cire mini shi daga zuciya!" Na yi kuka har muryata ta dushe. Da na ɗago, na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Halleluya!

Ran nan na goge shafin gwanjon daga wayata, har yau ban sake marmarinsa ba. Ku ce amin! Gidana ya samu lafiya, Ishaya ga shi can, ku tambaye shi. Amma ceton nan da tsada ya zo. Lofen ya tafi, Baban da nake nema a cikinsa ma ya tafi. Yanzu in na rufe ido in tuna cinyarsa, ihun Yaya nake ji.

Ban ce abin da Yaya ya yi mini daidai ne ba. Da ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mini, da da kaina zan ɗauki taɓaryar. Ya zaɓi ya bar ni in durƙusa in yi masa godiya tukuna. Kullum in ina ba shi koko da cokali sai na tuna masa wannan, sannan in ce na yafe. Na roƙi Ubangiji ya janye waccan addu'ar tawa, amma hannun yana nan yadda yake.

Ga shi can a layin gaba, ni na turo shi a keken marasa lafiya yau da safe. Jiya na ce masa, "Yaya, gobe zan faɗi komai a gaban jama'a, har da tabon da ka ɓoye duk rayuwarka. In ba ka yarda ba, ka ce a'a." Bakinsa ya yi ta motsi, hawaye na bin kuncinsa, bai ce komai ba. Na ɗauka ya yarda.

Godiya ta tabbata ga Allah Uba, wanda ya kwance ni daga abin da na ɗaure kaina da shi. Duk wanda ke nan yana bin wani abu da ya hana shi barci, ya kawo shi gaban Yesu, ya dogara gare shi, zai nuna masa ainihin abin da yake bi. Ni shaida ce.

Anti Saratu, kina kusa, goge masa baki don Allah, jama'a na kallo.

Sunan Yesu ya sami ɗaukaka. Amin.