Kar Ka Cire Min Dusar

A layin injin niƙa, wani dattijo ya miƙa bokitin alkamarsa, wata mata tana bayansa da nata.

"Mai inji, niƙa min ita yadda take. Kar ka cire dusar."

"Haba Baba! Dusa ai ta awaki ce," in ji matar. "Garin zai yi duhu, Mama ba za ta yarda ba."

"Ta riga ta ƙi, 'yata, shi ya sa na zo da kaina. Jinina ya hau. Likita ya ce bayan magani in rage gishiri, in riƙa cin wake da ganye da hatsi da dusarsa."

"Ni maigidana ko kallon ganye ba ya yi. Kullum ciwon kai, sai ya ce gajiya ce."

"Haka yayana ya yi ta cewa, har hawan jini ya kayar da shi a shago. Yau a baki ake ba shi abinci, 'ya'yansa biyar suna wuyana. Ki kai shi a gwada shi."

Matar ta ce, "To awakin fa, Baba?"

"Shekara ashirin suna cin rabona, lafiyarsu ƙalau, ni ina layin asibiti. Su ci ciyawa. Mai inji, tayar!"